Shekarun Gola Nafi'u

Unguwar Mu'azu, Kaduna
2 ga Fabrairu

Kawu Mustapha,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya kai da Anti Saratu, kuma ruwan Aba bai taso maka da ciwon gwiwar ba. Tun da injinan masaƙar Kakuri sun cinye maka ji, waya ba ta da amfani a tsakaninmu, shi ya sa na zauna na rubuta. Maƙwabcinmu Ekene zai taho sarin kayan mota ranar Talata, shi zai kawo maka. Mu nan lafiya lau. Maman Nafisa ta warke daga zazzaɓin, Nafisa ta fara tafiya, ɗanka Nafi'u kuma yana nan a wurinmu yana cin tuwo kamar mutum biyu.

Na karanta wasiƙarka ta ƙarshe: layi biyu a kan lafiyarka, shafi uku a kan ƙungiyar ƙwallon ƙasa. Kawu, ban yarda da kai ba. Ka ce yaran yanzu ba 'yan ƙwallo ba ne, 'yan ado ne. To ka ɗauke su ɗaya bayan ɗaya ka duba inda suke wasa a Turai. Ba a ajiye mutum a waɗancan kulob saboda askinsa. Abin da ke damunsu shi ne ana tara su kwana uku kafin wasa, wannan daga ƙasar sanyi, wancan daga wata, a ce su zama ƙungiya. Ni ina koyar da yara ƙwallo bayan an tashi makaranta shekara tara ke nan, kuma na san 'yan baya huɗu ba sa fahimtar juna a kwana uku.

Ga labari. Masu zaɓen ƙungiyar ƙasa ta yara 'yan ƙasa da shekara sha bakwai za su zo Kaduna ranar 12 ga Afrilu. Yara biyar nake shiryawa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne Nafi'u. Kawu, ban taɓa horar da gola irinsa ba. Makon jiya a filin Kamazou ya tare fenareti biyu, har mutanen can suka zagaye shi suna tafi. Amma takardarsa ta makaranta ta ce sha takwas, don haka ya wuce. Na faɗa masa, ya je ya wanke safar hannunsa.

Ka gaida Anti.

Ɗanka,
Jamilu

Aba
15 ga Fabrairu

Jamilu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, gwiwa da sauƙi. A shafa mini kan Nafisa.

Malam mai digiri, ka ce in ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Ai ɗaya bayan ɗaya suke wasan ma, shi ne matsalar. Na je gidan kallo na ga wasansu na baya. Ban ji abin da mai sharhi ke cewa ba, kuma na gode Allah, domin idona kaɗai ya ishe ni baƙin ciki. Ɗan gaba ya sami ƙwallo, ga ɗan'uwansa a buɗe yana ɗaga hannu kamar mai tare Keke, shi kuwa sai ya buga sama. Aka taɓa wani kaɗan ya kwanta yana birgima yana duba ƙafarsa, saboda ƙafar ta masu kulob ce, aro ya kawo mana. Golan kuma duk ƙwallon da ta zo sai ya dunƙule hannu ya naushe ta. Wa ya ce masa dambe aka zo?

Kwana uku ka ce? Mu a ƙungiyar masaƙa muna sauka daga aikin safe da ƙarfe biyu, auduga a gashinmu, ƙarfe huɗu muna fili. Shekara bakwai ina tsaron raga, ban taɓa sa safar hannu ba, kuma ƙwallo in ta zo kama ta nake yi in rungume. Rabin waɗannan naka ba su san inda Kakuri take ba. An haife su a can, sun jira ƙasar can ta kira su, da ba ta kira ba suka tuna da mu. Kada ka ƙara kare su a takardar da za ka aiko mini.

Batun Nafi'u, wannan ba abin damuwa ba ne. Sha shida yake. Ka je kotu ka yi takardar rantsuwa, a cire shekara biyun nan, ka kai makaranta su gyara rajista. Ka yi da wuri.

Saratu ta ba Ekene manja da garin rogo, na Maman Nafisa ne.

Kawunka,
Mustapha

Unguwar Mu'azu
24 ga Fabrairu

Kawu,

Assalamu alaikum. Manja ya iso, mun gode, Allah ya saka da alheri. Kowa lafiya.

Ban san ta inda zan fara ba. Na karanta ƙarshen wasiƙarka a ɗakin malamai, sai da na ninke ta na sa a aljihu don kada wani ya leƙa. Kai, Kawu? Kai da ka cika shafi kana zagin ƙungiyar ƙasa, a ƙasan shafin kuma ka umarce ni in yi ainihin abin da ya kashe ta?

Bari in faɗa maka dalilin da ya sa muke zuwa Turai neman yaran da ba su san Kakuri ba. Muna aika magidanta gasar yara, su ci kofi, mu yi ta murna. Bayan shekara biyar, lokacin da ya kamata su shiga babbar ƙungiya da ƙarfinsu, sai a nemi mutum a rasa, gwiwa ta tafi, domin a takarda yana ashirin da biyu, a jiki ya haura talatin. Shi kuma yaron gaskiya mai sha biyar da aka ture saboda shi, yana can yana koyon gyaran babur. Wanda aka haifa a Turai aƙalla an san ranar da aka haife shi. Kocinsu ya san abin da yake ginawa a kai. Shi ne bambancin, ba aski ba.

Bara ni na rubuta ƙorafi a kan Koci Sam na Sabon Tasha, na sa hannu da sunana, saboda ya kawo mutumin da na koyar shekara shida da suka wuce ya ce ɗan sha biyar ne. Tun daga nan ba ya amsa gaisuwata. Duk ranar Litinin ina tsayawa gaban yara ina ce musu shekarun mutum ba riga ba ce da za a kai wa tela ya rage. Yanzu in ɗauki ɗan gidanmu in kai shi kotu in ɗaga Alƙur'ani?

Nafi'u ma ya zo mini da ita, wai Innarsa ta taɓa ce masa shi ƙarami ne a kan takardarsa. Na ce masa babu ɗan ƙwallon da Innarsa ba ta faɗa masa haka ba.

Ka yi haƙuri, Kawu. Ina girmama ka, kai ka saya mini ƙwallon fata ta farko. Amma wannan ba zan yi ba, kuma ina roƙon kada a sake tayar da maganar.

Ɗanka,
Jamilu

Unguwar Mu'azu
20 ga Maris

Kawu,

Assalamu alaikum. Lafiya kuwa? Ekene ya je ya dawo sau biyu hannu rabbana. Ya ce ya ba ka wasiƙata a bakin ƙofar kamfani, ka karanta a tsaye, ka ce masa ya gaida mutanen Kaduna, ka juya. Na kira wayar Anti, ta ce kuna lafiya, ta ce ka hana ta cewa komai, ta kashe.

In kalamaina sun yi kaushi, ka yafe mini. A kan ra'ayin dai ina nan. Ko zagin 'yan wasan ne ka rubuto, zan karanta. Sun sake yin kunnen doki, na san kana da abin faɗa.

Nafi'u yana zuwa atisaye amma ya daina magana a gida.

Jamilu

Aba
4 ga Afrilu

Jamilu,

Wa alaikumus salam. Lafiyarmu ƙalau. Na yi shiru ne saboda da na rubuta a wancan makon, da ba za mu sake cin abinci a kwano ɗaya ba.

Shekarata sittin da ɗaya. Ban taɓa sanin cewa in na faɗa wa ɗan 'yar'uwata shekarun ɗan da na haifa, sai na haɗa masa da shaida ba. Na ce maka sha shida yake. Ban ce ka mayar da shi sha shida ba. Kai da ke koyar da karatu, koma ka duba.

Tun da sai da bayani, ga shi. Lokacin kana kwaleji a Zariya, ba ka san abin da ake ciki ba. An rufe masaƙa, na taho nan neman aiki, na bar Saratu a Makera tana sayar da abinci a tasha. Nafi'u yana shekara huɗu, ba mai riƙe mata shi, rannan ya kusa faɗawa tukunyar miya. Sai ta ja shi zuwa firamare. Hedimastan tsoho ne, irin na da, ba ya tambayar takardar haihuwa, da ma a gida aka haife shi babu ita. Yaro zai ɗaga hannun dama ya bi ta saman kai ya kamo kunnen hagu. In ya kamo, ya kai shida, a rubuta shi. In bai kamo ba, a koma gida sai baɗi. Haka aka ɗauke ni, haka aka ɗauki uwarka. To ka san hannun Nafi'u. Hannuna ya gado. Saratu ta ce ba kunne kaɗai ya kamo ba, har ya sauko wuya. Hedimasta ya rubuta shida. Ita kuwa ta sami inda za ta ajiye yaro, me zai sa ta yi gardama? Daga wannan rajistar aka kwashe zuwa kowace takarda tasa har yau.

Ba ka taɓa tambayar kanka me ya sa ɗan sha takwas ba shi da ko gashi ɗaya a haɓa ba? Me ya sa yake na ƙarshe a aji tun yana firamare, kuna cewa ba shi da kai? Da yayyensa yake zama.

Ga katin rigakafinsa na asibiti a cikin ambulan ɗin nan. Saratu ta tono shi daga ƙasan akwatinta tana kuka, ta ce a kai wa Malam ya duba ko ita ma maƙaryaciya ce. Ranar haihuwa tana jiki, da hatimi. Kada ya ɓata.

Dogon wa'azinka a kan magidanta na karanta, kuma gaskiya ne, na buga wasa da irinsu. Amma bai wanke naka 'yan wasan ba. An san ranar haihuwarsu, to sai me? Ranar haihuwa ce za ta ba ɗan'uwanta ƙwallo? Wancan kunnen dokin da ka ambata na gani. Minti goma na ƙarshe suna tafiya a fili kamar masu dawowa daga jana'iza.

Saura kwana takwas. Ka yi abin da ka ga dama.

Mustapha

Unguwar Mu'azu
14 ga Afrilu

Kawu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya a jiki. Ka ba Anti haƙuri kafin ka ci gaba da karantawa, ka ce mata Jamilu ya ji kunya. Kai ma na zalunce ka. Ka rubuta magana a sarari, ni kuma na karanta abin da na saba ji daga bakin wasu.

Motar Ekene ta lalace a Lokoja, wasiƙarka ba ta iso ba sai ranar Laraba, tara ga wata. Alhamis na je kotu na yi rantsuwar da zuciya ɗaya. Juma'a na je wurin shugaban makarantarmu, ya ce gyaran rajista sai an rubuta wa ofishin ilimi, mako huɗu zuwa shida. Da a Fabrairu na fara, da an gama tun tuni. Wannan lissafin ba ya barina.

Ranar Asabar muka je fili. Yara sun fi ɗari uku, layi har bakin titi. Kafin a taɓa ƙwallo sai an bi ta wani tebur a nuna takarda. Da muka iso na ajiye uku: ta makaranta mai cewa sha takwas, ta kotu, da katin rigakafi. Na fara bayanin hedimasta da kunne. Kawu, dariya suka yi. Mutumin da ke teburin ya ce ya ji labarai iri-iri a aikin nan, amma na kunne sabo ne. Ya ce doka ita ce takardu su yi magana ɗaya, nawa kuwa suna faɗa da juna. Na ce to a kai shi a ɗauki hoton ƙashin hannunsa a na'ura, ai ita ba ta ƙarya. Ya ce wannan sai waɗanda suka tsallake aka kai su Abuja. Na ce a bar shi ya tsaya a raga minti biyar kawai, a zaɓo wanda ya fi kowa ƙafa ya buga masa. Ya ce, "Malam, ka matsa, akwai mutane a bayanka."

Koci Sam na tsaye a gefe da yaransa. Ya leƙo takardar kotun ya ce, "A'a, Malam Jamilu! Kai ma ka shigo layi? Barka da zuwa. Amma ba a zuwa da tsohuwar, a gida ake barinta." Yarana biyar suna ji.

Kowane yaron Sam takarda ɗaya ya ajiye, sabuwa fil, kuma duk suka wuce. Golan da aka ɗauka nasa ne. Na san shi, Kawu, yana da shagon cajin waya a Gonin Gora, kuma an sa masa rana. Da safiyar ranar aka kankare masa gemu, har haɓar tana ƙyalli. Ƙwallo huɗu aka zura masa a minti ashirin, ɗaya ta tsakanin ƙafafu. Nafi'u yana bayan wayar shinge yana kallo, safar hannunsa a hannu. Da aka zura ta huɗun ya ce mini, "Yaya, da ya tsaya a layinsa." Abin da ya faɗa ke nan duk ranar.

Biyu daga cikin yarana sun tsallake, ban ma iya yi musu murna yadda ya kamata ba. Wannan shi ne inda ƙungiyar ƙasa take farawa, a wannan teburin. Bayan shekara shida za ka zauna a gidan kallo kana zagin gola, ni ina kare shi, alhali wanda ya kamata ya tsaya a wurin an kore shi saboda ya zo da gaskiya da yawa.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuta. Yau Sam ya zo har makaranta, ba da faɗa ba. Ya ce ya ga yaron a Kamazou, ya san abin da aka yi asara. Ya ce baɗi za a sake zaɓe a wata jiha, inda ba a san mu ba. A lokacin Nafi'u ya wuce da gaske, da 'yan watanni. Ya ce yana da mai yi masa takarda, ɗaya tak, mai tsabta, a cire shekara guda. Ya ce an ci yaron shekara biyu, in ya karɓi ɗaya ai bai ma rama ba.

Ban kore shi ba, Kawu. Ni na jawo wannan, kuma ba ni da bakin da zan sake yi wa kowa wa'azi. Ɗanka ne. In ka ce in yi, zan yi.

Ɗanka,
Jamilu

Aba
27 ga Afrilu

Jamilu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Saratu ta haƙura, ta ce ka daina azabtar da kanka, ita ta kai shi wurin mai kunne tun farko.

Ban yarda ba. Wata guda na yi ina fushi saboda ka zaci zan rage wa ɗana shekara, yanzu kuma ka aiko kana neman izinina a rage? Ka gaya wa Sam na gode da ganin da ya yi wa yaron, ya riƙe mai takardarsa. Wanda za a ture baɗi saboda Nafi'u shi ma ɗan wani ne, kuma ubansa zai tsaya a bayan waya kamar yadda ka tsaya.

Kuskurenka na Fabrairu ne, kuma ka biya. Abin da ka yi a teburin ba kuskure ba ne. Ranar Litinin ka tsaya gaban yaranka ka yi musu wa'azinka kamar kullum. In sun tambaye ka batun takardar kotu, ka nuna musu katin, ka sa kowa ya kamo kunnensa, su yi dariya su gane.

Ka bi gyaran rajistar nan har ƙarshe, ko wata shida zai ɗauka. Sannan ka kai shi wurin Ernest, wanda ya yi mana lamba biyar a masaƙa, yanzu yana riƙe da wata ƙungiyar manya a Kakuri. Ka ce ni na aiko. Gola ba ya nuna sai ya kai ashirin da biyar, kuma wurin manya ake koyo, inda za a taka masa yatsu. Ƙungiyar yara ta wuce shi, shi ke nan. Babbar tana nan, kuma yadda na ga suna naushin ƙwallo, za su daɗe suna neman mai kamawa.

Wannan maganar ba mu gama ta ba, ni da kai. Har yanzu 'yan ado ne.

Abu na ƙarshe. Ka zaunar da Nafi'u ka faɗa masa da bakinka cewa Innarsa gaskiya ta gaya masa. Ka faɗa masa ba daƙiƙi ba ne, ƙarami ne. Ranar sha tara ga Yuni zai cika sha bakwai. Bai taɓa sanin ranar ba. Maman Nafisa ta dafa masa shinkafa.

Kawunka,
Mustapha